Fashin baƙi: Me ya sa irin da aka cire daga tumatirin fakiti yake rikita gona, kuma me za a iya yi da shi?

Tun da yaƙi ya tsinke hanyoyin kasuwa a Sudan a watan Afrilun 2023, akwai tambayar da ba ta barin bakin masu lambu a garuruwanmu na gaɓar kogin Bahar Azrak, daga Sinnar zuwa Mai Wurno har Damazin. Mutum ya sayi fakitin irin tumatir da tsada, ya shuka, Allah ya ba shi amfani mai kyau. Ya zaɓi manyan 'ya'ya, ya cire iri, ya shanya, ya ajiye kamar yadda ya ga iyayensa suna yi. Shekara ta zagayo ya shuka, sai gonar ta fito kamar an haɗa iri goma a ƙwarya ɗaya: wani dogo, wani gajere, wani 'ya'yansa ƙwal-ƙwal, wani masu tsawo, wani kuma cuta ta nannaɗe shi tun bai yi fure ba. Me ya faru?

Amsoshin da ake ji a majalisa sun kasu. Wasu na cewa kamfanoni ne ke sa wa irin magani don kada ya haihu sau biyu. Wasu na cewa ai irin nan ne da Turawa suka sauya wa halitta. Akwai kuma 'yan tsiraru, cikinsu har da wani kawuna, da suka ɗauki wata hanya dabam: suna aurar da tumatir da hannunsu, su shuka 'ya'yan, su ɗanɗana, su zaɓa. Ina ganin waɗannan mutane sun kama bakin zaren, amma aikin yana da sharuɗɗa, kuma wanda bai san su ba zai iya asarar noman shekara guda.

Abubuwa uku da ake cakuɗawa

Na farko shi ne irin da ya tsaya, wanda a nan ake kira baladi idan na gida ne. Ka shuka shi, ka cire irinsa, ka sake shukawa, abin da ka sani shi zai fito. Allah Karim na cikin wannan rukuni, haka ma wasu da suka zo daga waje tun da daɗewa suka zama 'yan gida, irin su Strain B da Peto 86 da Castle Rock. Waɗannan duk ana iya ajiye irinsu.

Na biyu shi ne hajin, wato barbarar yanyawa. Idan ka duba fakitin za ka ga an rubuta F1. Ma'anarsa zuriya ta farko: kamfani ya ɗauki iri biyu da kowanne ya tsaya, ya aurar da su da hannu, fure bayan fure, ya sayar maka da 'ya'yan farko na wannan aure. Tsadarsa daga nan take, domin kowace ƙwaya sai da yatsun mutum suka yi aiki a kanta. Babu magani a cikin irin da zai hana shi haihuwa. Hodar nan ja ko shuɗiya da ake gani a jikinsa maganin ruɓewa ce da ƙwarin ƙasa, kuma ba ta bin shuka zuwa zuriya ta gaba.

Na uku shi ne wanda aka sauya wa ƙwayoyin gado a ɗakin gwaji. Zargin manomanmu yana da tushe, don a 2012 Sudan ta amince da noman audugar da aka yi wa irin wannan sauyi, kuma kowa a yankin Jazira ya ji labarinta. Sai dai tumatirin hajin ba ya cikin wannan sahu. An taɓa fitar da tumatir mai sauyayyen gado kasuwa a Amurka a 1994, mai suna Flavr Savr, bai kuma yi ƙarko ba, cikin 'yan shekaru aka daina sayar da shi. Abin da ke cikin fakitin F1 aure ne na fure da fure, irin wanda ƙudan zuma ma yakan haɗa ba da sanin kowa ba.

Abin da ke cikin furen

Tumatir shuka ce mai aurar kanta. A cikin fure ɗaya akwai namiji akwai mace: 'yar hular nan rawaya mai tsini a tsakiya ita ce ke ɗauke da garin namiji, a cikinta kuma akwai wani siririn tsinke, shi ne macen. Iska ta kaɗa, gari ya zubo a kan tsinken, shi ke nan an gama. Shi ya sa baladi yake riƙe kamanninsa shekara da shekaru ko da an shuka shi kusa da wani iri, ko da yake jifa-jifa ƙwaro yakan kawo gari daga maƙwabta.

Mai son haɗa iri biyu sai ya riga furen. Na tsaya a kan kawuna wata safiya cikin sanyin Disamba ina kallon yadda yake yi. Ya tsuguna a gindin wani baladi da mahaifiyarsa ta daɗe tana ajiye irinsa, mai ɗan tsami da ƙamshi amma mai saurin fashewa. Ya nemi furen da ya fara yin rawaya bai kai ga buɗewa ba. Da bakin allura ya tsaga hular, ya zare ta a hankali, ya bar tsinken tsirara. Ya ce mini, "Ɗan nan, idan ka bari ya buɗe, ya riga ya auri kansa, wahalar banza za ka yi." Washegari da hantsi ya je gindin Castle Rock, ya riƙa ƙwanƙwasa buɗaɗɗen fure da farce har garin ya taru a murfin kwalba baƙi, ya dawo ya dangwala tsinken jiya a ciki. Sannan ya ɗaura jan zare a wuyan furen, ya kuma tsinke kunnuwa biyu daga koren kambun da ke bayansa, don ko zaren ya faɗi ya gane ɗansa. Cikin furanni goma da ya yi wa haka, huɗu ne suka kama.

A nan mutane da yawa suke ruɗewa. Tumatirin da zai fito daga wannan fure kamannin uwarsa zai ɗauko sak, domin tsokarsa da fatarsa jikin uwa ne. Auren yana cikin ƙwayoyin irin da ke ciki. Sai ka shuka su sannan za ka ga zuriya ta farko. Haka nan tumatirin da ka tsinko daga gonar fakiti: tsokarsa ta F1 ce, kyakkyawa, amma irin da ke cikinsa ya riga ya zama zuriya ta biyu.

Inda gonar take rikicewa

Kowane hali na shuka, tumatir yana gadon kwafinsa biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, jere a kan igiyoyin gado 12 da kowace take da tagwainta. A irin da ya tsaya, kwafin biyu iri ɗaya ne. A zuriya ta farko kuwa sun bambanta, amma duk 'ya'yan sun samu haɗi iri ɗaya, shi ya sa gonar hajin take fitowa kamar an aske ta da reza, ta kuma nuna kusan lokaci guda. Wani halin yana rinjaye, wani yana laɓewa. Jar tsoka tana rinjayar rawaya. Yaɗo mai tafiya ba tsayawa yana rinjayar gajarta. Koren kafaɗa, wato duhun nan da ke kewaye da hancin ɗanyen tumatir, yana rinjayar launi bai-ɗaya.

Da zuriya ta farko ta auri kanta, sai a sake rabon gado. Halayen da suka laɓe su fito fili. Wani limamin coci a garin Burno na ƙasar Cek ta yau, Gregor Mendel, shi ya fara ƙidaya wannan a kan waken Turawa, ya buga sakamakonsa a 1866: a zuriya ta biyu, kusan uku cikin huɗu suna nuna hali mai rinjaye, ɗaya cikin huɗu yana nuna wanda ya laɓe. Wannan ga hali ɗaya ke nan. Tumatir kuwa yana da dubban ƙwayoyin gado, kowace tana nata rabon. Hausawa suna cewa albasa ba ta yi halin ruwa ba, to a zuriya ta biyu haka abin yake: jikoki ne suke ɗauko kakanni, kowanne da ɓangaren da ya ɗauko.

Ga mai noman kasuwa wannan asara ce, babu wata kwana-kwana. Dillali yana son kwando mai kai ɗaya. Amma mai neman sabon iri, wannan gonar ce yake jira tun farko, domin a nan kaɗai zai iya samun tsiro ɗaya da ya haɗa ƙamshin baladi da taurin Castle Rock.

Lissafin yana da muhimmanci, don shi ke faɗa maka tsiro nawa za ka shuka. Idan hali ɗaya mai laɓewa kake nema, ɗaya cikin 4 ne, tsiro 11 sun kusa tabbatar maka da samunsa. Idan biyu kake so su haɗu a tsiro ɗaya, ɗaya cikin 16 ne, sai ka shuka kusan 47 kafin hankalinka ya kwanta. Uku kuwa ɗaya cikin 64 ne, ana maganar tsiro wajen 190. Daɗin baki da girman 'ya'ya ba su ma bin wannan lissafi mai sauƙi, domin ƙwayoyin gado masu yawa ne ke haɗa hannu a kansu. Wanda ya shuka tsiro biyar a bayan ɗaki ya ce bai ga abin kirki ba, bai ba irin dama ba tukuna.

Zuriya nawa kafin iri ya tsaya

Ka samu tsiron da ya yi maka a zuriya ta biyu, aiki bai ƙare ba. Rabin halayen da iyayensa suka bambanta a kai har yanzu a cakuɗe suke a jikinsa. Ka cire irinsa shi kaɗai, ka shuka, a zuriya ta uku saura kashi ɗaya cikin huɗu. Ta huɗu, ɗaya cikin takwas. Haka yake raguwa da rabi-rabi, har a zuriya ta bakwai ko ta takwas abin da ya rage bai taka kara ya karya ba. A nan ne za ka iya ba shi suna ka ba maƙwabci da tabbacin abin da zai fito.

A ƙasarmu wannan yana nufin shekaru. Daga shuka zuwa cire sabon iri wata huɗu ne ko biyar, amma lokacin tumatir na gaske ɗaya ne, wato sanyin shita, daga Oktoba zuwa Maris. Mai rijiya da inuwa yana iya matsa zuriya ta biyu a damina. Wasu masu sha'awar lambu a Amurka da Ostireliya sun yi wata dabara tun wajen 2005: da yake damunar wannan ita ce hunturun wancan, sai suka riƙa aika wa juna iri, suna samun zuriya biyu a shekara, har suka fitar da gajerun nau'o'in tumatir sama da 100, kuma mafi yawansu ba masana ba ne. Mu ma muna da 'yan'uwa a Kasala da Gadarif da sauran wurare masu yanayi dabam. Tsallaka iyakar ƙasa da iri kuwa wani abu ne dabam, domin akwai cututtukan da ke bin ƙwayar iri, kuma akwai dokar killacewa da aka kafa saboda su.

Babban kuskure a wannan mataki shi ne haɗa iri. Kowane tsiro da lambarsa, kowane iri da takardarsa. Kawuna yakan matse tumatirin a kofi, ya bar shi kwana ɗaya ko biyu ya yi tsami har yauƙin ya saki, ya wanke, ya shanya a inuwa a kan faranti, ya naɗe a takarda ya rubuta lamba da shekara. A zafinmu idan ya wuce kwana biyu a ruwan, yana iya fara tsirowa. Irin da ya bushe sosai, aka ajiye shi inda babu laima, yakan kai shekara huɗu zuwa biyar da ransa.

Me harshe yake aunawa?

Kusan 94 cikin 100 na tumatir ruwa ne. Duk rigimar ɗanɗano a kan ɗan abin da ya rage ake yin ta: sukari, tsami, da ƙamshi. Sukari kaɗai yakan sa tumatir ya yi lami. Tsami kaɗai ya kashe haƙori. Idan duka biyun suka yi ƙasa, shi ne wanda mata ke cewa ruwa ne kawai. Ƙamshin kuma yana fitowa daga wasu sinadarai masu tashi zuwa hanci. An gano ɗaruruwansu a cikin tumatir, amma 'yan ashirin zuwa talatin ne suke da tasiri sosai.

Koken da tsofaffinmu ke yi cewa tumatirin yanzu ba shi da daɗin na da, bincike ya gaskata shi. A 2012 masana a Jami'ar Kalifoniya sun nuna cewa halin nan na nuna bai-ɗaya ba tare da koren kafaɗa ba, wanda kamfanoni suka yi shekaru suna zaɓa saboda kyan gani, yana rage sukarin da ɗan tumatir ke tarawa. A 2017 kuma wata tawaga da Harry Klee na Jami'ar Fulorida yake ciki ta auna nau'o'i 398, ta gano cewa na zamani sun rasa da yawa daga sinadaran ƙamshi da tsofaffin iri suke da su. Ba da gangan aka yi ba. An riƙa zaɓen yawan amfani da tauri da jure tafiyar mota, ba a sa harshe cikin masu zaɓe ba. Akwai kuma wani ciniki da halittar tumatir ta ƙulla: yawanci ɗa yana ƙara girma, sukarinsa yana raguwa. Masu bincike suna da 'yar na'ura mai kama da tocila da ake ɗiga ruwan tumatir a kanta ta nuna yawan sukari. Na kasuwa yakan tsaya a 4 zuwa 5, ƙananan nan masu kamar ƙwallon yara su kai 8 ko fiye.

Amma gado ba shi kaɗai ke yin daɗi ba, kuma wannan ne ke yaudarar mai ɗanɗanawa. Tsiron da ke ƙarshen kunya, inda ruwa ba ya isa sosai, 'ya'yansa za su fi ƙanƙanta su fi zaƙi, ko da gadonsa ɗaya da na farkon kunya. Ɗan gishiri-gishiri a ƙasa ma yana yin haka. Wanda aka tsinka washegarin ban ruwa zai yi salam. Wanda ya nuna a jikin uwarsa ya fi wanda ya nuna a kwando. Firji yana kashe ƙamshi idan sanyi ya yi ƙasa da digiri 12. Zafin da ya haura digiri 30 kuma yana hana jan launi fitowa, sai ka ga tumatir ya nuna amma ya yi ruwan goro. Saboda haka idan za a gwada, a tsinko su rana ɗaya, a nuna ɗaya, daga kunyoyin da aka ba ruwa iri ɗaya, kuma a maimaita a tsinka ta biyu ko ta uku kafin a yanke hukunci.

Ranar da aka baje faranti

A zuriya ta biyu kawuna ya shuka tsiro 40 a wani lungu na lambunsa. Tara ya tuge tun kafin su yi 'ya'ya saboda ganyensu ya nannaɗe. Da sauran suka nuna, ya zaɓi goma sha biyu ya kawo gida. Aka shimfiɗa tabarma a zaure bayan la'asar, aka yanka kowanne a kan siniya, wato babban faranti, da 'yar takarda mai lamba a gefensa. Babu gishiri, babu barkono. Ga ruwa a kofi da gutsuren kisra, wato siririyar gurasar dawa, don wanke baki tsakanin wannan da wancan. Sharaɗinsa ɗaya ne: kowa ya ɗanɗana ya yi shiru, ya faɗa wa yaron da ke rubutu a kunne, don kada maganar babba ta ja ra'ayin ƙarami.

Maza kusan duka suka tafi kan lamba 7, ja wur, mai zaƙi. Goggo, wadda ta fi shekara arba'in tana tuƙa tuwo a gidan, ta ɗauki yanka ɗaya ta matse shi tsakanin yatsu, ta kalli ruwan da ya zubo, ta ce, "Malam, wannan na salatin dakwa ne. Ka zuba shi a tukunya, gawayinka zai ƙare bai yi kauri ba." Ta nuna lamba 19, wanda ba wanda ya kula da shi, mai kaurin tsoka da ɗan tsami. Washegari aka dafa su a tukwane biyu da albasa da mai daidai wa daida. Na 19 ya haɗe da wuri, miyar ta yi ja ta yi jiki. Na 7 ya daɗe yana tafasa, ya kuma tsuke ya koma ɗan kaɗan.

Sai an gwada akan san na ƙwarai, amma gwajin ma sai an san na mene ne ake nema. A gidajenmu tumatir yana da aiki uku: ɗanye a salati, dafaffe a miya, da busasshe, wato kauɗa, wadda Larabawan nan ke daka ta su kira ta salsa. Mai yin kauɗa yawan tsoka yake bi. Bambancin tumatir mai tsoka 5 cikin 100 da mai 6 kamar ba komai ba ne, amma a kan tabarmar shanya ƙarin kashi ɗaya cikin biyar ne na abin da za a kai kasuwa. Ina ganin duk gwajin ɗanɗanon da aka yi babu mai girki a ciki, rabin gwaji ne.

Masu cewa ɓata lokaci ne

Suna da hujja, kuma mai ƙarfi ce. Abin da ya sa manomi yake biyan kuɗin hajin ba daɗin baki ba ne, kariya ce. Cutar nannaɗewar ganye, wadda ake kira karmasha, tun shekarun 1960 masana suka rubuta ɓarnarta a tumatirin Sudan, kuma farin ƙuda ne ke yaɗa ta, ƙwaron nan da ya addabi audugar Jazira. Hajin da yawa suna ɗauke da ƙwayoyin gadon jure wannan cuta, waɗanda aka samo daga dangin tumatir na daji a Kudancin Amurka, inda asalin shukar yake. Sau da yawa kwafi ɗaya ne kawai a jikin hajin ɗin. Idan haka ne, a zuriya ta biyu kusan tsiro ɗaya cikin huɗu zai fito babu kariyar kwata-kwata. Wanda ya bi daɗi kawai yana zaɓe, yana iya wayar gari da tumatir mai daɗi wanda ba ya kai wa ga fure.

Ga kuma zafi. Idan rana ta haura digiri 35, dare kuma bai sauko ya yi sanyi ba, garin fure yana lalacewa, furen ya kaɗe. Shi ya sa tumatir yake arha kamar a zubar a Janairu, ya zama sai mai hali a Mayu da Yuni. Ko ƙwayar gadon da ke kare saiwa daga tsutsar ƙasa mai sa ƙulli, ƙarfinta yana raguwa idan zafin ƙasa ya wuce digiri 28. Tsutsar nan mai huda ganye da 'ya'ya, wadda 'yan'uwanmu a Kano suka sa wa suna sharon lokacin da ta cinye gonakinsu a 2016, ita ma tana nan, kuma ba ta tambayar iri.

Amsata ga masu wannan ra'ayi ita ce, hujjarsu tana koya mana tsarin zaɓe ne. A fara da lafiya: duk tsiron da ya nannaɗe a tuge shi, komai kyansa. Sannan a duba wanda ya riƙe furensa da zafi ya fara shigowa a Maris. Cikin waɗanda suka tsira ne harshe zai yi aikinsa. A kuma sani cewa tsiron da bai kamu ba a bana, wataƙila sa'a ya yi ƙudan bai sauka a kansa ba, sai 'ya'yansa sun maimaita a baɗi. A wannan fanni mai lambu yana da abin da kamfanin da ke wata nahiya ba shi da shi: yana zaɓe a kan ƙasarsa, da ruwansa, da zafinsa, da ƙwarinsa.

Abin da ya shafi mai lambu da mai cefane

Wanda tumatir ne abincin iyalinsa, kada ya cika gonarsa da irin da ya cire daga fakitin F1. Idan kuɗin hajin ya gagara, irin da ya tsaya ya fi masa tabbas. Gwaji na kunya biyu ne ko uku a gefe, inda asararsu ba za ta hana yara cin tuwo ba. Wanda kuma bai iya aikin allura ba, yana iya farawa daga hajin ɗin da ya yi masa daɗi, tunda kamfani ya riga ya yi masa auren: ya cire iri, ya shuka da yawa, ya fara zaɓe daga zuriya ta biyu. Abin da zai samu a ƙarshe ba zai zama kwafin na fakiti ba, kuma mai yiwuwa ba zai kai shi yawan amfani ba, amma iri ne da zai riƙa cirewa da hannunsa kowace shekara. Idan zai aurar da kansa, iyaye biyu da suka tsaya sun fi sauƙin bi, don idan ɗayansu hajin ne, rikicewar tun zuriya ta farko za ta fara.

Mai cefane ba zai ga sauyi a farashi gobe ba. Abin da zai iya gani shi ne dawowar tumatirin da ake nomawa don kasuwar gari, wanda ba sai ya jure kwana biyu a bayan mota ba, don haka ba sai an sadaukar da ƙamshinsa ba.

Akwai kuma batun ajiya, wanda yaƙin nan ya sa muka ji a jikinmu. A Wad Madani hedikwatar Hukumar Binciken Aikin Gona take, a nan kuma rumbun irin ƙasa yake kafin yaƙi, mai dubban samfura da aka tattaro daga manoma cikin shekaru masu yawa. Bayan yaƙi ya shiga garin a Disambar 2023, an wawushe wurin. Abin da ma'aikata suka iya cetowa, an kai wani kaso nasa rumbun iri na duniya da ke Sibalbad a ƙasar Norwe a Fabrairun 2025, akasarinsa dawa da gero. Baladin da mahaifiyar kawuna ta ajiye kuwa ba ya cikin kowane rumbu. Lokacin da mutane suka watse daga yankin Sinnar a 2024, a cikin gwangwanin madara ya fita, ƙulle a ƙasan jakar kaya.

Tun daga nan kawun ya sauya tsari. Duk irin da ya cire yakan raba shi uku: kaso ɗaya a gwangwaninsa, ɗaya wurin ƙanwarsa a Gadarif, ɗaya wurin wani abokin nomansa. Zuriyar lamba 7 da ta lamba 19 duka ya riƙe, kowace da kunyarta, kuma bana suna zuriya ta huɗu. Ta 19 ta fara daidaita, tsirran sun kusa zama kai ɗaya. Ta 7 har yanzu tana fitar da masu fashewa, don haka ya ce zai ƙara mata yawan tsiro idan Oktoba ta kama.